Taimar Kashe Wuta a Mota: Kafasita, 555, Allon Dijital ko Rilen Kamfani, Wanne Ya Dace da Motarka?

Akwai ayyuka a mota da mutum yake so su ci gaba na ɗan lokaci bayan ya zare makulli, sannan su mutu da kansu. Fitilar gaba ta ƙara sakan 30 ko 40 tana haska ƙofar gida a daren da aka ɗauke wuta a Rigasa ko Hayin Banki, har maigida ya buɗe get. Gilashin da aka manta a sauke ya samu wutar da za a ɗaga shi ba sai an sake murɗa makulli ba. Soket ɗin cajin waya a Hiace ko Sharon ya ci gaba da aiki yayin da direba ya tsaya salla a hanyar Zariya, amma kada ya kwana yana zuƙar batir. Akwai kuma kishiyar wannan, wato abin da ake so ya ɗan jira bayan inji ya tashi kafin ya kama, irin su kwamfuresar AC da amfilifayar rediyo.

Duk waɗannan rile mai taima ne yake yin su: rile makunni ne da ƙaramar wuta take tayarwa ya buɗe wa babbar wuta hanya, taima kuma ita ce take ƙirga masa lokacin kamawa ko saki. Matsalar ita ce hanyoyin haɗa shi sun kai huɗu ko biyar, kuma in ka je wurin masu rewaya a Kurmin Mashi ko masu haɗa na'urori a Panteka, kowa zai yaba maka wadda hannunsa ya saba da ita. Ni a ganina tambayoyi uku ne suke raba gardamar: tsawon lokacin da kake so, nauyin wutar da kayan yake ja, da kuma abin da taimar kanta take sha sa'ad da mota take ajiye. Ta ukun nan ita ce ake yawan mantawa, ita ce kuma take hana mota tashi da safe.

Kafin a shiga gwada su, akwai abin da bai canzawa ko wacce hanya ka bi. Taima ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta ba da umarni, rilen mota na gama-gari mai ƙafa huɗu ko biyar shi ne zai ɗauki wutar. A ƙarƙashinsa za ka ga lambobi: 85 da 86 su ne ƙafafun kwayil, wato naɗin wayar da yake jan bakin rilen ya kama in wuta ta shige shi, 30 tana zuwa daga batir, 87 tana tafiya wurin kayan, 87a kuwa tana haɗe da 30 ne lokacin da rilen yake hutawa. Tsarin Jamus ne mai suna DIN 72552, kuma a cikinsa lamba 15 ita ce wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 31 kuma wayar bodi. Kwayil ɗin yana da ƙarfin kusan om 70 zuwa 90, yana jan 150 zuwa 200mA, amma bakinsa yana iya wuce da 30A ko 40A. Fitilun gaba biyu masu kwan 55W suna jan kusan 9A. Fankar lagireto tana jan fiye da haka, kuma a lokacin da za ta fara juyawa jan nata yakan ninka. Duk wanda ya bi da irin wannan wuta ta cikin ƙaramin allon taima kai tsaye, allon ba zai daɗe ba.

Hanya mafi arha ita ce a ɗaura babbar kafasita a kan ƙafafu 85 da 86, a sa dayod a gabanta, wato abin da yake barin wuta ta wuce gaba amma ba ta komawa baya. Kafasita kamar randa ce mai huda a gindi: tana cika lokacin da makulli yake buɗe, in an rufe sai ta riƙa zubar da abin da ta tara cikin kwayil har ta ƙare. Hudar kwayil ɗin rile kuwa babba ce. Kafasita mai 4,700µF a kan kwayil mai om 80 ba ta riƙe shi ko sakan ɗaya cikakke. Mai son sakan 30 ta wannan hanya sai ya jera irinta kusan hamsin, abin da ba mai hankalin da zai yi. Amfaninta guda ne, kuma na gaske: hana rile sakin baki na ƙiftawar ido, misali lokacin da ake yin kik wutar rediyo ko ta kyamara ta ɗauke ta dawo. In buƙatarka ta wuce wannan, kada ka ɓata kuɗinka a nan.

Mataki na gaba shi ne a sa taransisto, wato ɗan makunnin lantarki da ake buɗewa da rufewa ta ƙafarsa da ake kira ƙofa, tsakanin kafasita da rile, ta yadda kafasitar ba kwayil take ciyarwa ba, ƙofar taransisto kawai take riƙewa a buɗe. Masu gyaran inbata sun san taransisto mai lamba IRFZ44N sosai, kuma ya dace da wannan aiki domin ƙofarsa kusan ba ta shan komai. Sai a sa resisto ya zama shi ne hudar randar, kai ne za ka zaɓi girmanta. Kafasita 470µF da resisto 100k za su ba ka kusan minti ɗaya. Kayan duka ba su wuce biyar ba: dayod daga layin 15, kafasita, resisto, taransisto, sai dayod 1N4007 a kan kwayil don kashe wutar da take dukan baya sa'ad da rile ya saki. Yana da kyau a ƙara zina, wato dayod mai hana wuta wuce iyaka, mai 15V a ƙofar taransiston, domin iyakar abin da take jurewa 20V ne.

Ina son wannan haɗi saboda abu ɗaya da ya fi sauran: da zarar kafasita ta huce, ba ya shan komai daga batir. Mota za ta yi wata a ajiye bai taɓa ta ba. Amma lokacinsa ba tsayayye ba ne. In inji yana aiki altaneta yana ba da 14.2V ka kashe, zai daɗe fiye da ranar da ka murɗa makulli kawai batir yana 12.2V. Taransistoci biyu masu lamba ɗaya ma ba sa rufewa a wuri guda, wani a 2V wani a 4V. Ita kafasitar kanta ana yarda mata da kuskuren kashi 20 cikin ɗari tun daga kamfani, kuma zafin Maris da Afrilu a cikin motar da ta yini a rana yana ƙara mata yoyo. Minti ɗayan da ka auna a hunturu ba lallai ya zama minti ɗaya a bazara ba. Ga kuma wani lahani da ba a gani da ido: wutar kwayil tana raguwa a hankali, don haka bakin rile yakan yi sako-sako kafin ya saki. A kan fitilar cikin mota ba komai. A kan abu mai jan 15A ko 20A, wannan sako-sakon yana haifar da tartsatsi da yake cin bakin rilen a hankali har wata rana ya manne. Rilen da ya manne a kan layin batir kuwa ya fi rashin taima muni. Saboda haka wannan hanya ta ƙananan fitilu ce, da duk abin da bambancin sakan 10 ba zai dame ka ba.

Mai son lokaci tsayayye da saki mai tsabta, sai ya koma ga 555. Wannan 'yar ƙaramar IC (ƙwayar lantarki da aka riga aka haɗa a rufe) mai ƙafa takwas ta fito tun 1972 daga kamfanin Signetics, kuma duk ɗalibin lantarki a Kaduna Polytechnic ya taɓa ta. Lissafinta mai sauƙi ne: a ninka resisto da kafasita, a ninka da 1.1. Resisto 100k da kafasita 470µF suna ba da kusan sakan 52. Abin da ya sa ta fi taransisto shi kaɗai shi ne tana auna cikar kafasita da kashi biyu cikin uku na wutar da ake ba ta, don haka ko batir ya hau ko ya sauka lokacin bai canzawa sosai. In lokaci ya cika kuma, yankewa take yi farat ɗaya.

Sai dai 555 ba don mota aka yi ta ba, kuma wanda ya ɗauko zanen makaranta ya dasa a ƙarƙashin dashbod zai sha mamaki. Iyakar wutar da aka tsara mata 16V ne, alhali layin mota yana da tsalle-tsallen da suke wuce haka nesa, musamman in kan batir ya yi sako-sako inji yana aiki, ko aka cire shi da gangan don a gwada altaneta, al'adar da ya kamata a daina. Dole a tsare ta da regileta irin 7809 ko zina, da kafasita 100nF a manne da ƙafafun wutarta. In ba haka ba, hon ko waifa ko kik kaɗai za su iya tayar da ita ta kunna fitila da tsakar dare. Abu na biyu, ƙafa ta 2 da ake tayar da ita da shi tana son taɓawa ce ta ɗan lokaci. In ka haɗa ta kai tsaye da layin makulli, layin ya sauka ya zauna a ƙasa, taimar ba za ta taɓa yankewa ba. Sai an bi da siginar ta ƙaramar kafasita. Na uku shi ne sha: NE555 ta gama-gari tana jan kusan 10mA ko ba ta aikin komai. Irin ta CMOS, wato 7555 ko TLC555, ba ta kai 1mA ba, kuma ita nake ba da shawara in an samu. Daga ƙarshe, in lokacin da kake so ya wuce 'yan mintoci, yoyon babbar kafasita zai ɓata lissafi. A nan ana barin 555 a koma wata IC ɗin, CD4060, mai ƙirga bugu har 16,384 da ƙaramar kafasita, wadda za ta ba ka rabin awa ko awa ba tangarda.

Gaskiyar magana, 555 ta mai son koyo ce da mai hannun dalma. In kai mai mota ne kawai, ingancin abin da za ka samu ya dogara ne kacokan ga wanda ya haɗa maka, da ko ya zuba shi a kwali mai kyau ko ya naɗe da salatif ya cusa bayan rediyo.

Wannan ne ya sa yawancin mutane yanzu suke sayen allon dijital da aka riga aka haɗa, irin na China mai 'yan maɓallai da lambobi masu haske. Ba a raina shi ba. Allo ɗaya yana yin jinkirin kamawa, yana yin jinkirin yankewa, yana yin kunna-kashe, daga ƙasa da sakan ɗaya har awanni, kuma lokacinsa daidai yake domin ƙirga yake yi ba jiran kafasita ba. In yau ka sa sakan 30 ka ga bai isa ba, gobe ka mayar 60 da yatsa. Ga mai son gwaji, babu kamarsa.

Rauninsa a jiki yake. Shuɗin rilen da ke kansa an rubuta masa 10A, amma siraran layukan allon da 'yan sukurorin da ake ɗaure waya ba su kai su riƙe haka kullum ba, don haka ka bar shi ya tayar da kwayil ɗin babban rile kawai. Allon tsirara yake zuwa. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallansa, danshin Agusta yana cin ƙafafunsa, girgizar hanya tana kwance sukurorinsa. Wurinsa cikin mota ne a cikin kwalin roba, ba ƙarƙashin bonet kusa da inji ba. Sannan ga sha. Irin waɗanda aka fi gani suna jan 10 zuwa 20mA a zaune, wani ma fiye in lambobinsa ba sa mutuwa. Ka yi lissafi: 20mA a awa 24 kusan rabin Ah ne (Ah shi ne ma'aunin wutar da batir yake ajiyewa), a mako biyu ya kusa 7Ah. Mota lafiyayya da ma tana da nata shan na ƙwaƙwalwa da agogo da rediyo, wanda ake so kada ya wuce 50mA gaba ɗaya. Ƙara taraka mai nuna inda mota take, ƙara ƙararrawar tsaro, ƙara wannan allo, a kan batir mai 60Ah ko 75Ah da ya riga ya tsufa a zafinmu. Motar haya da take fita kullum ba za ta ji ba. Motar ma'aikacin da ya yi tafiya Abuja a jirgin ƙasa ya bar ta a gida kwana goma za ta ji.

Akwai dabarar da take kashe wannan matsala gaba ɗaya, kuma ina ganin duk mai rewaya ya kamata ya san ta. Kada ka ba allon wuta daga batir kai tsaye. Ka ba shi ta dayod biyu: ɗaya daga layin 15 na makulli, ɗaya daga ƙafa 87 ta babban rilen da yake tayarwa. Wayar da take gaya masa an kashe mota kuma ka ɗauko ta daga layin 15 kafin dayod. Makulli yana buɗe, allon yana ci daga 15, rile yana kame. Aka zare makulli, allon ya ci gaba da ci daga 87 yana ƙirga. Lokaci ya cika, ya saki rile, 87 ta mutu, shi ma ya mutu tare da ita. Daga nan ba ya jan ko ɗigo har sai an sake murɗa makulli. Dayod biyun nan ba ado ba ne. In ba ka sa na layin 15 ba, wutar batir za ta koma baya ta shiga layin makulli, sai ka zare makulli inji ya ƙi mutuwa. Wannan haɗi yana yi wa 555 ma aiki.

Sai rilen kamfani mai taima a cikinsa, wanda yake kama da rile na gama-gari sai dai ya ɗan fi shi tsawo, ƙafafunsa ɗauke da 15, 30, 31 da 87. Kamfanoni irin Hella suna yin sa sabo, amma abin da ya fi sauƙin samu a nan shi ne na jikin motocin Beljiyam da ake yankawa. Rilen waifa mai lamba 19 na Golf da ƙanensa mai lamba 99 da ake iya saita masa tazara, taimar hitar gilashin baya da take yankewa bayan kamar minti 10 zuwa 15, rilen hitar dizal, duk taimomi ne da aka gina don zafi da girgiza da tsallen wutar mota, a rufe ruf. Ta fuskar daɗewa babu wanda ya kamo su a cikin duk abin da na lissafa. Abin da za ka rasa shi ne zaɓi: lokacin da aka gina shi da shi, da shi za ka zauna. Kuma tsarin ƙafafunsa yakan bambanta daga mota zuwa mota, don haka a karanta zanen da ke jikinsa, a gwada shi a kan benci da batir da kwan fitila kafin a biya kuɗi. In ka samu wanda lokacinsa ya yi daidai da buƙatarka, ka ɗauke shi ka bar sauran.

Arduino da danginsa, wato ƙananan allunan kwamfuta da ake rubuta wa umarni, kuwa sai in aikin yana da sharuɗɗa da yawa, misali fitila ta kama in dare ne kuma an buɗe ƙofar direba. Don jinkiri guda ɗaya, nauyinsa ya fi amfaninsa.

Akwai wuraren da amsar ba taima ba ce sam, kuma a nan ne nake ganin ana yawan kuskure. Na farko fankar lagireto. Mutane da yawa an mayar musu da fanka dairek, tana tashi da makulli tana mutuwa da shi, sai su nemi taimar da za ta bar ta tana juyawa bayan an kashe. Fanka zafi ya kamata ta bi, ba agogo ba. Golf na da can haka aka yi shi: makunnin zafi a jikin lagireto yana samun wuta daga batir, in ruwa ya yi zafi fanka ta juya ko an zare makulli, in ya huce ta tsaya. Taima za ta juya fanka minti uku ko da safiyar hunturu ce inji bai ɗumama ba, tana cin batir a banza. Kuma in inji ya tsaya famfon ruwa ya tsaya, fankar lagireto take fifitawa fiye da injin. Gyara makunnin zafi ya fi. Na biyu kyamarar dashbod da ƙaramin firij da soket ɗin caji na dogon zango. Abin da kake tsoro a nan batir ya yi ƙasa ne, don haka na'urar da take yankewa in wuta ta sauko kusan 12V ta fi taima sanin lokacin tsayawa. In an samu mai haɗa biyun, madalla. Taraka kuwa ba a sa mata taima ko kaɗan, wutar dindindin take so. Gilashi mai ɗaga kansa da zarar an kulle mota ina roƙon masu yara su yi hattara da shi. Barin wuta a maɓallan gilashi na sakan 45, kamar yadda Toyota take yi a motoci da yawa, abu ne daban da sa gilashi ya tashi ba wanda yake kallo. In haɗin ba shi da abin da zai ji hannu ya tsaya, kada a saka.

Shekarar motarka ma tana cikin zaɓin. Masu rewayan da suka koyi aiki a kan 504 da aka fara haɗawa a Kakuri a 1975 sun saba da waya mai sauƙi: ka bi ta da fitilar gwaji, ka feɗe, ka ɗaura. Motocin baya-bayan nan fitila da gilashi da makullan ƙofa duk ƙwaƙwalwar bodi ce take sarrafa su, kuma wasu siraran wayoyin saƙo suke ɗauka ba wuta ba. Wanda ya soka fitilar gwaji ko ya rataya kwayil ɗin rile a kan irin wannan waya zai iya ƙona abin da ya fi taimar tsada sau ɗari. A irin waɗannan motoci ka fara duba saitin dashbod ko littafin motar, domin da yawa suna da jinkirin fitila a ciki, kunnawa kawai ake yi. In dole sai an ƙara, a ɗauki sigina daga akwatin fiyus ta fiyus ɗin da yake mutuwa da makulli, a ja sabuwar waya daga batir don nauyin.

Wannan sabuwar wayar ita ce ke da haɗarin gobara, domin tana da rai dare da rana. Fiyus ɗinta a kusa da kan batir ake sa shi, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ba can kusa da kayan ba. Girmansa ya bi kaurin waya: mai 1.5mm² kada fiyus ya wuce shuɗi mai 15A, mai 2.5mm² ruwan ɗorawa mai 20A, mai 4mm² kore mai 30A. A kankare bakin wayar a duba, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma ba ta ɗaukar abin da ta jan ƙarfe zalla take ɗauka. Inda za ta ratsa ƙarfen bodi a sa mata roba. Kafasita a nemi mai 25V ko 35V da aka rubuta wa 105°C, ba mai 16V da 85°C ba.

Ranar karɓar aiki kada ka tsaya ga ganin fitila ta mutu a kan lokaci. Ka ce wa oga ya kashe komai, ya rufe ƙofofi, ya cire kan batir na negatif ya sa mita a tsakani, sannan ya jira 'yan mintoci ƙwaƙwalwar mota ta kwanta. Ya karanta lambar mita yayin da fiyus ɗin taimar yake ciki, ya zare shi ya sake karantawa. Bambancin lambobin biyu shi ne abin da taimar za ta riƙa sha kowace awa muddin tana jikin motar. In ya wuce 5mA, ka ce a yi maka haɗin dayod biyun nan kafin ka fita daga gareji.